Me ya haɗa kare muhalli, tsarin filaye da arzikin birni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare na hukumar wani birni, shekarata biyu da kama aiki. A wurinmu akwai sashen muhalli, akwai na filaye, akwai kuma na kasuwanci da zuba jari, kowa da shugabansa da kasafinsa, kuma ba a cika zama tare ba sai rigima ta taso. Kullum ina jin ana cewa dole a haɗa ɗorewa da tsarin amfani da filaye da bunƙasa tattalin arziki, amma ni gani nake kamar kishiyoyi ne: mai muhalli ya ce kada a yi gini, mai zuba jari ya ce a yi. Don Allah ta yaya biranen da suka yi nasara suke haɗa su, kuma daga ina ya kamata mu fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da na shafe shekaru masu yawa ina fama da shi a aikin tsara birane. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko da gaske akwai inda waɗannan sassa uku suke haɗuwa, ko kuwa magana ce kawai ta tarurruka da takardu, sannan idan akwai, mene ne ma'aikaci kamarka zai iya yi a kai.

A kan ƙasa suke haɗuwa, ƙasar nan da ake takawa. Duk shawarar da sashen muhalli ko na kasuwanci ya yanke, a ƙarshe sai ta sauka a kan wani fili mai iyaka da maƙwabta. Masana'antar da mai zuba jari zai kafa fili take so, ruwan saman da mai muhalli ke tsoro fili yake nema ya bi, ma'aikacin da zai yi aiki a masana'antar kuma yana son wurin kwana da bai yi nisa da wurin aikinsa ba. Kuma cikin duk shawarwarin da hukumar birni ke yankewa, ta fili ce ta fi wuyar warwarewa. Kasafin kuɗi shekara ɗaya yake yi, doka ana iya gyara ta a zama guda, amma titin da aka shata yakan wuce jikokin wanda ya shata shi. Titunan tsibirin Manhattan na birnin New York a 1811 aka zana su, lokacin da akasarin wurin gonaki ne da tsaunuka, kuma har yau a kansu ake tafiya. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana.

Yadda aka raba su tun farko

Kalmar ci gaba mai ɗorewa ta yi ƙarfi ne daga rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1987, wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta jagoranta, inda aka bayyana shi da cewa biyan buƙatun mutanen yau ne ba tare da an tauye masu zuwa ba. Taron Majalisar na 1992 a birnin Riyo na Burazil ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin fito da nasu tsarin, a 2015 aka ware wa birane manufa ta 11 cikin muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, a 2016 kuma aka amince da sabuwar ajandar birane a Kito, babban birnin Ekwado. Dalilin wannan kulawa a fili yake. A ƙididdigar Majalisar ta 2018, kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, ana kuma hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 na arzikin da duniya ke samarwa daga birane yake fitowa, haka kuma kimanin kashi 70 na hayaƙin da ke ɗumama yanayi.

Rabuwar ofisoshin da kake gani kuwa ta girmi waɗannan takardu. A farkon ƙarni na ashirin masana'antu suna tsakiyar gari suna turnuƙe gidaje da hayaƙi, sai aka ga mafita ita ce a raba gari shiyya-shiyya: nan gidaje, can kasuwanci, can nesa masana'antu. New York ta kafa irin wannan doka a 1916, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta tsarin a 1926, daga nan ya bazu cikin littattafan da aka koyar da mu. Maganin ya dace da cutar zamaninsa, amma da mota ta yawaita sai aka zarce da shi har ya zama kowane sashe na rayuwa yana wani gefe na gari, kuma ba a isa gare shi sai da man fetur. Ofisoshi ma suka rabu a kan wannan layi, mai filaye ya koma mai awo da ba da takarda, mai kasuwanci ya koma mai zawarcin kamfanoni, mai muhalli kuma aka mai da shi mai sa hannu a ƙarshe bayan bakin alƙalami ya bushe.

Tazara ita ce kuɗin da kowa ke biya

Masanin birane Alain Bertaud ya kwatanta Atlanta ta Amurka da Barsalona ta Sifen kamar yadda suke a 1990. Yawan mutanensu kusan ɗaya ne, miliyan 2.5 da miliyan 2.8, amma gine-ginen Atlanta sun mamaye murabba'in kilomita 4,280, na Barsalona kuwa 162 kacal. Ka tsaya ka yi lissafin abin da wannan ke nufi ga kowane sashe naku. Mai kula da ayyuka zai shimfiɗa bututun ruwa da wayar lantarki da kwalta mai tsawon da ya ninka sau da yawa don ya isa ga adadin mutane ɗaya, kuma duk shekara sai ya gyara su. Mai muhalli zai ga gonaki da dazuzzuka sun tafi, hayaƙin mota ya ƙaru. Mai sufuri ba zai iya tafiyar da bas mai riba ba, domin babu isassun fasinjoji a kusa da kowace tasha.

Abin da mutanen sashen kasuwanci ba su cika lura da shi ba shi ne asarar ta fi faɗa musu. Babban amfanin birni ga tattalin arziki shi ne ya tara masu neman aiki da masu ba da aiki a inda za su iya samun juna. Idan mai ɗinki ko mai gyaran inji zai iya isa ga wuraren aiki dubu cikin sa'a ɗaya, zai sami wanda ya dace da gwanintarsa, mai masana'anta ma zai sami gwanin da yake nema. Idan kuwa tazara da cunkoso sun sa wurare ɗari kawai zai iya kaiwa, to birnin a suna ne kawai babba, a aikace ƙauyuka ne da aka jera kusa da juna. Na taɓa bin wata ma'aikaciyar shara a wani bincike da muka yi kan zirga-zirga. Tana fita gida kafin gari ya waye, ta hau abin hawa uku kafin ta isa, ta dawo bayan 'ya'yanta sun yi barci, kuma da muka yi lissafi tare a bayan wata tsohuwar takarda sai muka ga kusan sulusin albashinta a hanya yake ƙarewa. Babu wanda ya zauna ya yanke mata wannan haraji, taswirar garin ce ta yanke mata shi. Tun daga ranar, ma'aunin farko da nake tambaya a kowane tsari shi ne ayyuka nawa talaka zai iya kaiwa cikin sa'a ɗaya ba tare da motar kansa ba.

Faɗaɗa titi shi kaɗai ba ya warware wannan. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aikin ya kammala a 2008, amma cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo, saboda sabon titi yana jawo sababbin gidaje can nesa, su kuma su jawo sababbin motoci.

Abin da Kuritiba ta yi

Misalin da ya fi nuna sassan uku suna aiki da hannu ɗaya shi ne Kuritiba a kudancin Burazil. A 1965 birnin ya kafa cibiyar bincike da tsare-tsare guda ɗaya wadda sufuri da filaye da wuraren shaƙatawa duk suka bi ta teburinta, kuma ɗaya daga cikin ma'aikatanta, Jaime Lerner, ya zama magajin gari a 1971. Sun zaɓi wasu manyan hanyoyi da suka fita daga tsakiyar gari, suka keɓe tsakiyar kowace hanya ga bas kaɗai, wanda ya fara aiki a 1974. Hikimar tana cikin dokar filayen da ta raka bas ɗin. An ba da izinin dogayen benaye a bakin waɗannan hanyoyi, da shaguna a ƙasansu, tsawon gini kuma yana raguwa gwargwadon nisansa daga hanyar. Ta haka fasinjoji suka taru a inda bas ke bi, bas ya sami ciniki, shagunan suka sami masu wucewa, garin kuma ya miƙe a kan layuka maimakon ya watsu ta ko'ina. A 1991 suka ƙara tashoshin nan masu kama da bututu, inda ake biyan kuɗi kafin a shiga kuma daɓen tasha ya yi daidai da ƙofar bas, don kada a ɓata lokaci.

A ɓangaren ruwa, maimakon su kashe kuɗi wajen danne koguna da siminti, sai suka mai da bakin kogunan wuraren shaƙatawa masu tafkuna. Lambun Barigui da aka buɗe a 1972 aikinsa na farko riƙe ambaliya ne, yawon shan iska ƙari ne a kai. A ɓangaren ayyukan yi, a 1973 suka ware yankin masana'antu a yammacin gari, suka haɗa shi da layin bas, kamfanoni irin su Volvo suka kafa masana'anta a can. Akwai kuma labarin titin da ke tsakiyar gari wanda aka hana motoci shiga a 1972. 'Yan kasuwar titin sun yi adawa sosai don tsoron rasa ciniki, aka yi aikin cikin kwana uku, da suka ga masu tafiya a ƙafa sun ƙaru sai wasunsu suka nemi a tsawaita shi.

Ba na so ka ɗauki Kuritiba a matsayin birni marar aibu. Filayen bakin layin bas sun yi tsada, talakawa da yawa suka koma garuruwan gefe inda tsarin bai kai ba, kuma birnin yana cikin masu yawan motoci a Burazil. Birane da dama sun kwaikwayi bas ɗin, kamar Bogota ta Kolombiya a 2000 da Darussalam ta Tanzaniya a 2016, kuma abin da na lura shi ne bas ɗin ya fi sauƙin kwaikwayo a kan dokar filayen, alhali dokar ce ginshiƙin abin.

Wa ke cin ƙarin darajar fili

Nan ne zancen ya koma na kuɗi, kuma a ganina nan ne birane da yawa suke zubar da damarsu. Fili a bayan gari darajarsa ta gona ce. Ranar da hukuma ta kai masa titi da ruwa da lantarki, ko ta sauya takardarsa daga gona zuwa wurin gini, darajarsa takan ninka sau da yawa, mai filin kuwa ko tsinke bai ɗaga ba. Kuɗin jama'a ne ya haifar da ƙarin. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Henry George ya yi wannan bayani tun 1879. Idan aka bar ƙarin duka ya tafi aljihun waɗanda suka ji labarin titin da wuri suka saye filayen, birni zai yi ta gina hanyoyi da bashi, masu jiran tsada kuma su bar filaye a killace ba gini a tsakiyar gari, sabon mai gini ya tsallake su ya tafi nesa. Ka ga yadda matsalar kuɗi ta haifi matsalar muhalli.

Birane sun samo dabaru iri-iri. A Hong Kong gwamnati tana ba kamfanin jirgin ƙasa na MTR izinin gini a kan tashoshi da kewayensu a farashin da filin yake kafin jirgi ya zo, kamfanin ya haɗa hannu da masu gini, ribar ta taimaka wajen biyan kuɗin layin. A Kolombiya tun 1921 akwai harajin da masu kadarori ke biya idan aikin gwamnati ya ƙara wa wurinsu daraja, dokar 1997 kuma ta ba birane damar karɓar kashi 30 zuwa 50 na ƙarin da sauya dokar fili ya jawo. Sao Paulo ta Burazil tana gwanjon izinin ƙara tsawon bene a wasu yankuna, ta zuba kuɗin a ayyukan yankin.

Wadda na fi ba biranen da ba su da kuɗin diyya shawara a kai ita ce dabarar jihar Gujarat ta Indiya, wadda Japan ma ta daɗe tana amfani da irinta. Ana tattara gonakin wani yanki da ke bakin gari a kan takarda kamar fili ɗaya, a zana tituna da makaranta da magudanan ruwa, a cire abin da zai iya kai kashi 40 na kowane fili don waɗannan da kuma 'yan fulotai da hukuma za ta sayar ta biya kuɗin aiki, sannan a mayar wa kowa ragowar a matsayin fuloti mai kusurwa huɗu da ke bakin titi. Mai gona ya karɓi fili ƙarami amma mai daraja fiye da na da, ba a kore shi ba, hukuma kuma ta sami titi ba ta biya diyyar kuɗi ba. Da wannan dabara aka samo mafi yawan filin hanyar da ta kewaye birnin Ahmedabad mai tsawon kilomita 76. Sharaɗinta biyu ne masu nauyi: a san wane ne ke da wane fili, kuma mutane su yarda cewa hukuma za ta cika alkawarin titin. Inda amana ta taɓa karyewa, sai an fara da ɗan ƙaramin yanki, gani ya kori ji.

Filin da bai kamata a gina ba

Ka ce mai muhalli kullum cewa yake kada a yi gini. Idan ya faɗi haka a ko'ina, ba za a saurare shi a ko'ina ba. Aikinsa ya yi ƙarfi ne idan ya zo da taswira ya nuna takamaiman wuraren da ba za a taɓa ba, fadamu da hanyoyin ruwa da gangaren duwatsu da wuraren da ruwan ƙasa ke taruwa, ya kuma faɗi abin da garin zai biya idan aka taɓa su. New York tana samun kimanin kashi 90 na ruwan shanta daga yankin tsaunukan Catskill da kogin Delaware. A yarjejeniyar 1997, maimakon ta gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli, ta zaɓi ta sayi filaye a kewayen madatsun ruwan, ta kuma tallafa wa manoman yankin su gyara yadda suke kiwo da zubar da taki. Kofanhegan ta Denmak kuwa da wahala ta koya. A ranar 2 ga Yuli 2011 ruwan sama kusan milimita 150 ya sauka cikin sa'o'i biyu, ya yi ɓarnar biliyoyin kuɗin ƙasar, a 2012 birnin ya fito da tsarin da ya mai da wasu tituna da lambuna wuraren da ruwa zai bi ya kwanta na ɗan lokaci. Jakarta ta Indunusiya tana nuna ƙarshen sakaci: rashin isasshen ruwan famfo ya sa jama'a da kamfanoni suna ta zuƙar ruwan ƙasa, arewacin birnin yana nutsewa, kimanin kashi 40 na garin yana ƙasa da matakin teku.

Ni ma ina da tabon wannan. A farkon aikina an kawo mana taswirar rabon fulotai a wani kwari da tsofaffin hotunan sama suka nuna ruwa na kwanciya a cikinsa. Na rubuta ƙorafi na layi biyu, aka ce shekaru da yawa ba a ga ruwa a wurin ba, kuma hukuma na buƙatar kuɗin fulotan, ni kuma na yi shiru. Bayan shekara shida na tsaya a ƙofar wani gida a wannan unguwa, shatin ruwa a bango ya kai ƙirjina, maigidan yana shanya takardun makarantar 'ya'yansa a kan katifar da ta jiƙe. Kuɗin da aka kashe daga baya wajen haƙa babbar magudana ya fi abin da aka samu daga fulotan nesa ba kusa ba. Laifina shi ne na kawo maganar da harshen muhalli kaɗai, ban kawo lissafin kuɗinta ba, alhali da harshen kuɗi ake yanke hukunci a ɗakin.

Sai dai akwai tarko a ɗaya gefen. Wasu birane suna zana iyaka su ce gari ba zai wuce nan ba. Landan tana da koren ɗamararta, wato zoben gonaki da dazuzzuka da ya kewaye ta inda aka taƙaita gini, wadda ta samo asali daga dokar 1938, jihar Oregon ta Amurka ta wajabta wa biranenta irin wannan iyaka a 1973, Portland ta zana tata a 1979. Iyakar tana kare gonaki, amma idan aka hana faɗaɗa waje kuma aka hana tsawo a ciki, kuɗin haya sai ya yi tashin gwauron zabi, mutane su tsallake iyakar su zauna can nesa suna doguwar tafiya, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Dokar Oregon ta yi hangen wannan, ta ce dole iyakar ta ƙunshi filin da zai isa shekara 20 kuma a riƙa sake duba ta. Auckland ta Niyu Zilan ta sassauta dokar gini a kimanin kashi uku cikin huɗu na filayen gidajenta a 2016 don a sami ƙarin gidaje a cikin gari. Ga birnin da jama'arsa ke ninkawa cikin shekara ashirin, ba na ba da shawarar iyaka mai tsauri ko kaɗan, domin mutanen za su zo ko an shirya ko ba a shirya ba. Na fi gamsuwa da hanyar masanin birane Shlomo Angel, wadda aka gwada a biranen Habasha irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar da Mekele daga 2013: a ƙiyasta inda gari zai kai nan da shekara talatin, a shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30 da tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu, a kafa musu alama tun wurin yana gona, a kuma ware wuraren ruwa. Kwalta za ta iya jira, abin da ba ya jira shi ne filin hanyar.

Arzikin da ya riga ya zauna a gari

Sashen zuba jari a yawancin wurare idonsa yana kan babban kamfani daga waje, ana yi masa rangwamen haraji da kyautar fili. Wani lokaci hakan yana da amfani, amma na ga yankunan masana'antu da aka kewaye da katanga, aka kafa allo, ciyawa ta cinye su, saboda an zaɓi wurin ne don filin ba shi da rigima, babu lantarki, babu hanyar da ma'aikaci zai bi. A halin nan ainihin masu ɗaukar mutane aiki suna nan a gari ba a sa su a taswira ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 61 na ma'aikatan duniya a sana'o'in da ba su da rajista suke, a Afirka kuwa kusan kashi 86. Kanikawa, 'yan walda, kafintoci, masu tireda, masu tsintar kayan bola, dukkansu jarinsu na farko shi ne wurin da suke zaune.

An taɓa sa ni cikin kwamitin mayar da wata kasuwar bakin tasha zuwa sabon gini a bayan gari. Ginin ya yi kyau, da rumfuna a jere da makewayi da wurin ajiye motoci. Wata dattijuwa mai sayar da kayan masarufi ta ce mana, cikin ladabi, ita ba rumfa take bi ba, ƙafa take bi, inda ƙafa ta yi yawa nan cinikinta yake. Cikin wata uku rumfunan suka koma kango, 'yan kasuwar suka dawo bakin titin tashar, yanzu ma babu inuwa babu makewayi. Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya bi wata hanya a mahaɗar Warwick daga tsakiyar shekarun 1990. Ma'aikatan hukuma suka buɗe ofis a wurin, suka zauna da 'yan kasuwa rukuni-rukuni, suka gyara wurin da su a ciki, har wata gadar sama da aka fara ba a ƙarasa ba ta zama kasuwar masu magungunan gargajiya. A Pune ta Indiya, hukumar birni ta ƙulla yarjejeniya a 2008 da ƙungiyar haɗin gwiwar masu tsintar bola, akasarinsu mata, suna bi gida-gida suna karɓar shara suna ware abin da za a sake sarrafawa. Abin da suka fi nema daga sashen filaye shi ne 'yan rumfunan da za su riƙa tantance kaya a cikin unguwanni.

Ka kula kuma da cewa gyaran muhalli kansa yana iya korar talaka. Seoul ta Koriya ta Kudu ta rushe gadar sama ta fito da rafin Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005, tsakiyar garin ta yi sanyi ta yi kyau, darajar filaye ta tashi, amma ƙananan 'yan kasuwa da yawa da ke wurin sun rasa matsuguninsu. Duk aikin da zai ƙara wa wuri daraja, a tanadi rumfuna da gidaje masu sauƙin haya kafin a sanar da shi, domin bayan sanarwa farashin ya riga ya gudu.

Inda za ka fara

Ban ga taswirar birninku ba, kuma dokar mallakar ƙasa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da Singafo ta yi, inda gwamnati ke riƙe da kusan kashi 90 na ƙasa kuma kimanin kashi 80 na jama'a ke zaune a gidajen hukuma, ba zai yiwu ba a inda fili ke hannun iyalai da masu sarauta, ko inda ikon filaye yake hannun gwamnatin sama ba ta birni ba. Akwai kuma lokutan da sassan uku suke cin karo da gaske, kamar masana'antar da za ta ɗauki dubban mutane amma ta gurɓata kogi. A nan babu dabarar ma'aikaci da za ta share saɓanin, hukunci ne na shugabanni da jama'a, naka shi ne ka sa a ga ribar da asarar a fili, da waɗanda kowace za ta faɗa wa.

A matsayinka ba za ka iya haɗe ofisoshi ba, amma za ka iya haɗa takardunsu. Ka nemi taswirar wuraren ambaliya daga sashen muhalli, idan babu ka zagaya bayan ruwan sama mai ƙarfi ka tambayi dattawan unguwanni inda ruwa ke kwanciya. Ka karɓi jerin fulotan da aka raba da waɗanda ake shirin rabawa daga sashen filaye. Daga sashen kasuwanci ka karɓi wuraren da aka yi wa masu zuba jari alkawari, ka ƙara da naka ƙidayar inda kasuwanni da garejoji da tashoshi suke a zahiri. Ka ɗora su a kan taswira ɗaya, hotunan tauraron ɗan'adam da manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ake samunsu. Sannan ka zaɓi wuri ɗaya tak inda suka ci karo, ka rubuta shafi guda da ke nuna tsawon titi da bututun da hukuma za ta gina ta kuma riƙa gyarawa, harajin da wurin zai kawo a kowace hekta, da adadin gidajen da ruwa zai shiga. Ka kai wa shugabanka tukuna, ka bar shi ya gayyaci takwarorinsa biyu, ka kuma tabbatar an aika wa ma'ajin hukuma kwafi kafin ranar zaman.